Olonka, Kashi da Gyara: Ciniki da Harshen Kaɗan a Madinar Akara

Motar haya da ke kai mutum Madina daga tsakiyar Akara, trotro ake ce mata. Sunan ya samo asali ne daga tro, ƙaramin kuɗin nan na zamanin Turawa da Bahaushe ya sani da taro, wato kwabo uku, wanda shi ne kuɗin mota a wancan lokaci. Taro ya daɗe da barin aljihun mutane, amma sunansa na nan bisa titi, yaran mota na rataye a bakin ƙofa suna kiran Madina da Adenta har muryarsu ta dishe.

Wani Bakatsine da ya je ziyarar dangi a Nima, irin wannan mota ya shiga da safiyar wata Asabar, tare da ɗan masaukinsa. Daga Nima suka faɗa tashar 37, wadda ta ci sunan asibitin sojoji da ke gefenta, suka sake mota, suka miƙi hanyar arewa. Sun wuce gadar Tetteh Quarshie da Shiashie da ƙofar Jami'ar Ghana a Legon, suka ratsa Atomic Junction, kana suka sauka a Zongo Junction, inda hayaniyar Madina ke farawa.

Unguwannin biyu ba tsara ɗaya ba ne. Nima ta tashi ne a farkon shekarun 1930, a filin da wani Bafulatani mai harkar shanu, Malam Amadu Futa, ya samu daga hannun 'yan ƙasa, mutanen Ga. Madina kuwa sai a 1959 aka kafa ta, lokacin da gwamnati ta buƙaci filin da wasu Musulmi ke zaune a Shiashie, Alhaji Seidu Kardo ya ja su zuwa sabon wuri da sarautar garin La ta ba su. Abin da ya fara da 'yan gidaje a cikin daji yau ya zama hedikwatar gundumar La Nkwantanang Madina, mai mutum fiye da dubu 200, kuma kasuwarta na cikin manyan kasuwannin birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara.

Baƙo ya zo ne da niyyar ganin girman kasuwar. Abin da ya riƙe shi kuwa ƙanƙantar abin da ake sayarwa a cikinta ne.

Albasa ta fi komai nuna yadda lamarin yake. Mafi yawan wadda ake ci a Akara daga Nijar take zuwa, ja ce mai kaifin ƙamshi irin ta Galmi a jihar Tawa, kuma Zabarmawa da Hausawa ne ke riƙe da harkarta. Tirela kan yi kwanaki a hanya da buhuna ɗaruruwa kafin ta sauke a Adjen Kotoku, can bayan gari, inda aka mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021. A nan mai ƙarfi ke sayen buhu goma. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi ɗaya, ko mata biyu su haɗa kuɗi su raba. Buhun nan idan ya iso Madina sai a farke shi, a ware manya daban, matsakaita daban, a auna da bokitin fenti. Wadda ta sayi bokiti ita ma ba ci za ta yi ba: tire za ta shimfiɗa a bakin hanya ta kasa kashi-kashi, uku a ƙasa ɗaya a sama. Daga tiren nan wata tsohuwa za ta ɗauki kashi biyar ta kai cikin lungu, ta ɗora a kan ɗan teburinta na ƙofar gida, inda yarinya za ta zo da tsabar kuɗi a hannu ta ce a ba ta guda ɗaya. Hannu biyar ko shida ke nan tsakanin gonar Galmi da tukunyar miya, kuma kowane hannu a wannan rarrabawa yake samun abin kai wa bakin salati. Shi ya sa da aka rufe iyakokin Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba manyan dillalai kaɗai abin ya taɓa ba. Har teburin tsohuwar nan ya ji a jikinsa.

A layin hatsi kuwa olonka ke mulki. Gwangwani ne babba wanda a da ya ɗauko wani kaya daga waje, ya zama shi ne tiyar mutanen Ghana. Masara ko gero ko wake cikinsa ɗaya kan kai kilo biyu da wani abu, gwargwadon irin hatsin da kuma hannun mai awo. Ƙasa da shi akwai gwangwanin bota, ƙasa da wannan akwai na madara, sai ɗan mitsitsin gwangwanin tumatir da ake auna barkono da daddawa da citta. Man ja da man gyaɗa da kwalba ake auna su, daga babba har zuwa wadda ba ta fi ta magani ba. Ƙasar na da dokar awo da sikeli tun 1975, kuma an sha yin shelar cewa lokaci ya yi da za a bar gwangwani a koma kilo. Amma a layin hatsi sikeli bai samu shiga ba, kuma wanda ya tsaya ya kalli awo ɗaya zai gane dalili.

Hajiyar da ɗan masauki ya kai baƙo wurinta, gero da dawa da wake take sayarwa, a manyan kwanonin silba da ta jera gabanta. Bayan gaisuwa, yaron ya ce, "Hajiya, bako ne daga Nijeriya, zai sayi gero olonka daya." Ta dube shi ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Yaya mutanen gida?" Ta tsoma gwangwanin cikin gero ta cika, ta riƙa ɗibo da tafin hannu tana zubawa a kai har tsororuwa ta tashi, ƙwayoyi na gangarowa ta gefe. Ta kare bakin gwangwanin da hannun hagu don kada tulin ya rushe, ta juye a leda a tashi ɗaya. Sannan, ba tare da kowa ya roƙa ba, ta sake damƙo wani ta jefa a kai. "Wannan na bako ne."

Wannan damƙi na ƙarshe shi ne gyara. Tonawa, wato Asante da 'yan uwansu masu jin Tuwi, idan suna neman a yi musu sai su ce to so, a ɗora a kai. Babu kasuwa a Ghana da ba a san shi ba. Sikeli na iya faɗin nauyi daidai, amma ba ya san wane ne tsohon abokin ciniki, wace ce mijinta ya rasa aiki, wane ne baƙon da ya kamata a girmama. Tsororuwa da gyara su ne filin da mai awo ke da shi na yin alheri ba tare da ta taɓa farashi ba. Gaskiya ne kuma cewa ta wannan ƙofa ha'inci ke shiga: akwai gwangwanin da aka bubbuga gindinsa ya lotsa ciki, akwai mai saye da babban awo ta sayar da ƙarami. Matan gida sun san haka, shi ya sa kowace ke da mai awonta da ta yarda da ita, kuma ba ta canza layi don ragin 'yan kwabbai.

Kunnen Bakatsine ya ɗan jima kafin ya saba da Hausar wurin. Hausar Zongo, wadda masana ke kira Gananci, ta sauke wasu kaya a hanya. Haruffan nan masu lanƙwasa ba su fitowa a bakin matasa da yawa, don haka kaɗan ya koma kadan, ƙarami ya koma karami. Rarrabe namiji da mace ma ya yi sauƙi, "ya zo" kan wadatar ko Alhaji ne ko Hajiya. Ba abin raini ba ne. Harshe ne da ya zama na kowa, Dagomba da Kotokoli da Mosi da Zabarmawa da Busawa da Wangarawa duk da shi suke ciniki da aure, kuma harshen da ya ɗauki mutane masu yawa haka dole ya rage wa kowa nauyi.

Abin da bai ragu ba shi ne yawan hanyoyin cewa kaɗan. A tsayuwa ɗaya gaban mai tumatir mutum zai ji kadan-kadan a Hausa, ya ji kakra kakra a Tuwi, ya ji fioo a harshen Ga, ya ji simol-simol a Turancin kasuwa. Ka tambayi Bahaushen Madina ko yana jin Tuwi, zai ce kakra kakra, ko da a cikinsa yake mafarki. Ka tambayi mai sayar da atamfa yaya kasuwa, za ta ce kadan-kadan, ko da ta sayar da rabin rumfa. Ba a bugun ƙirji da samu a nan, kuma ba a kukan rashi a fili.

Akwai kuma wani abu da harsunan yankin suka yi tarayya a kai. Bahaushe idan zai ƙanƙanta abu sai ya mai da shi ɗa: ɗan gida, 'yar kasuwa, 'yan kuɗi. Mutanen Ewe ma haka suke yi da vi, wato ɗa, kpe dutse ne, kpevi ɗan dutse. Tonawa na liƙa ba ko wa a ƙarshen kalma, daga kalmarsu ta ɗa. Daga Katsina har bakin teku, ƙaramin abu ɗan babba ne. Sai dai Bahaushe ya wuce da shi har cikin aiki. "Ɗan matsa," "ɗan jira ni," "ɗan taɓa abincin nan." A nan ba girman matsawa ko tsawon jira ake aunawa ba. Umarni ne ake cire wa ƙaya, don wanda aka gaya wa ya ji roƙonsa aka yi.

Wurin mai waakye aka fi ganin amfanin wannan tsari. Waakye shinkafa da wake ne, sunan ma daga waken Hausa ya fito, ana dafa shi da karan dafi da 'yar kanwa har ya yi ja mai duhu. Shi da koko da ƙosai da tuwon zafi da fura da tsire, duk daga Zongo suka fita suka zama abincin Ghana baki ɗaya. Layi kan tashi tun da hantsi. Mai sayarwa, wadda kowa ke kira Hajiya ko Amariya komai shekarunta, tana zaune bayan babbar tukunya da aka naɗe da mayafi don kada zafi ya fita. Ba wanda ke cewa a ba shi kwano ɗaya. Kuɗi ake ambata: waakye na kaza, taliya ta kaza, gari na kaza, ƙwai ɗaya, ganda ɗaya, a sa yajin shito kadan. Ita kuma tana ji tana ɗiba tana lissafi a ka, ta shimfiɗa koren ganye mai faɗi, ta tara komai a kai, ta naɗe. Ma'aikacin banki da ya ajiye mota a gefen titi da yarinyar da ke dakon kaya a kasuwa, irin waɗanda ake kira kayayei, a layi ɗaya suke, daga tukunya ɗaya ake zuba musu. Na wancan ya ninka na wannan sau goma, amma ganye ɗaya ne, kuma ba wanda aka ce wa kuɗinsa bai kai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a birnin da haya da kuɗin mota ke cinye rabin abin da talaka ya samu.

Amma kada daɗin kallo ya rufe ido. Mai sayen kaɗan shi ke saye da tsada. Wanda ya sayi albasa guda ɗaya a lungu ya biya ribar hannu biyar, wanda ya sayi buhu ya biya ta hannu ɗaya. Haka madarar gari da sabulun wanki da man girki da tumatirin leda da ake ƙullawa a 'yan ƙananan fakiti: idan aka tara kuɗin fakiti talatin, ya zarce na babban gwangwani da ke ɗauke da daidai wannan. Ruwan sha ma haka, rabin lita a leda, a gidajen da famfo ba ya zuwa. Kuma ledar nan ba ta ɓacewa. Wanda ya leƙa babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi zai ga inda take ƙarewa, kuma toshewar magudanai na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi a ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 a unguwar Circle, wadda ta ci rayuka kimanin 150.

A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. A irin wannan lokaci mai tire ba ta cika ƙara kuɗi ba, don ta san abin da ke hannun masu sayenta. Kashin take ragewa. Tumatir huɗu ya koma uku, ukun ma ƙanana. Curin kenke, tuwon masararsu, ya tsuke, ƙosai ya koma loma ɗaya. Gyara ce farkon abin da ke tafiya, kuma matan kasuwa da kansu sun fi jin zafin wannan, domin hannun da ya saba ƙarawa ba ya jin daɗin komawa wayam.

Kuɗin ƙasar ma tarihin ƙananan abubuwa ne. Sidi, wanda ya maye gurbin fam a 1965, sunan wuri ne a harshen Akan na Tonawa da 'yan uwansu, farin wurin nan da kakanninmu suka ƙirga a Kurmi da Salaga. Pesewa kuwa, ɗaya cikin ɗari na sidi, sunan ɗaya daga mafi ƙanƙantar awon garin zinariya ne. Ƙarnuka da dama, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, da garin zinariya Tonawa suke ciniki, kowane attajiri da jakarsa mai ɗauke da ɗan sikeli da cokulan tagulla da duwatsun awo da aka ƙera da siffar tsuntsu ko kada ko kujera. Awon da ya gaza a ƙera masa tagulla, da ƙwayar itace ake yinsa, har da jar ƙwayar nan mai baƙin kai da Hausawa ke kira idon zakara. Tushen tsarin kuwa daga arewa ya gangaro, Wangarawan da ke zirga-zirga tsakanin Jenne da Begho su suka kawo miskali, mai nauyin giram huɗu da 'yan kai. Su kuma fataken Hausa da suka bi hanyar Gwanja, nasu lissafin na goro ne: huhu a sama, ƙwarya mai goro 100 a ƙasa, har zuwa ɓari ɗaya da ake miƙa wa aboki.

A Yulin 2007 aka yanke wa sidi sifiri huɗu, dubu goma ta tsohon kuɗi ta koma sidi ɗaya. Har yau akwai dattawan kasuwa da ba su bar tsohon lissafi ba, sai ka ji an ce miliyan ɗaya alhali sidi 100 ake nufi. Kwabon pesewa ɗaya da aka buga a lokacin ya bi sawun anini, ba mai karɓarsa ko a sadaka.

Da la'asar ɗan masauki ya ce lallai sai sun gaida wani kawunsa kafin su koma Nima, kuma a nan hira ta ɗauki hanyar da baƙo bai zata ba. Dattijon injiniya ne da ya yi ritaya, yana zaune a kan benci kusa da mai shayi, da carbi a hannu. Yana cikin dubban 'yan Ghana da suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet. Hanyar karatun ta buɗe ne tun zamanin Kwame Nkrumah, wanda ya ziyarci ƙasar a 1961, shekarar da aka sa wa jami'ar ɗaliban ƙetare ta Mosko sunan Patrice Lumumba. Alamar wannan zumunci na nan a bakin Madina. Atomic Junction ta ci sunanta ne daga hanyar da ta nufi Kwabenya, inda Nkrumah ya aza harsashin cibiyar nukiliya ranar 25 ga Nuwamban 1964, da shirin kafa injin da Sobiyet za ta kawo. Juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966 ya tsayar da aikin, aka sallami ƙwararrun Rasha. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa wani ɗan ƙaramin inji na bincike daga Sin, mai ƙarfin kilowat 30. Fasinjan trotro da ke cewa a sauke shi a Atomic, ƙwayar zarra yake ambata, wadda kowane almajiri ya haɗu da ita tare da miskali a Suratu Zalzala. A Legon kuma, tafiyar 'yan mintuna daga nan, har yau ana koyar da Rashanci a sashen harsunan zamani, tare da Larabci da Sinanci da Swahili.

Da baƙo ya ba shi labarin abin da ya gani a kasuwa, da yadda kowa ke cewa kadan, dattijo ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai ba ka ga masu ƙanƙanta magana ba sai ka je Rasha."

Ya ce abin da ya fara koya a can, tun kafin ya iya haɗa jimla, shi ne cut-cut, wato ɗan kaɗan. Da shi ake amsa tambayar ko kana jin Rashanci, da shi ake tsayar da hannun mai zuba maka abinci, ko da yake ba ya tsayawa. Bambancinsu da mu, in ji shi, mu a gaba muke sa ɗan, su a wutsiyar kalma suke liƙa ƙanƙantar. Dom gida ne, domik ɗan gida. Stol tebur, stolik ɗan tebur. Kaplya ɗigo ne, kapelka ɗan ɗigo, kuma shi ake cewa idan ana son a zuba madara kaɗan a shayi. Ruwa voda ne, idan aka tausasa shi ya zama vodicka, kuma barasar nan tasu da duniya ta sani da vodka daga sunan ruwa aka cire ta da irin wannan wutsiya.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne suna iya ninka ƙanƙanta a kan ƙanƙanta. Minuta minti ne, minutka ɗan minti, minutocka ɗan mitsitsin minti, kuma ma'aikaciyar da ta ce maka minutocku ba alkawarin daƙiƙa sittin ta yi ba, haƙuri take ba ka, daidai da "ɗan dakata" a bakin Bahaushe. Kalmar kaɗan ita kanta haka: nemnogo, sai nemnoshko, sai nemnoshecko, kowace ta fi ta baya laushi. Aiki ma suna da hanyar rage shi, da ɗan ƙarin po a gaba: spat yin barci, pospat ɗan runtsawa. Har a nahawu akwai wurin wani abu daga ciki. Wanda ya ce a ba shi hleb, burodin yake nufi, wanda ya ce hleba, ɗan wani abu daga burodin yake roƙo.

Ya tuna tsohuwar da ke gadin ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai. A daren sanyi idan ya dawo daga karatu yatsunsa sun ƙage, takan ɗago kai ta ce, "Caiku?" Shayi cai ne a wurinsu, amma ba ta taɓa ce masa cai ba, kullum ɗan shayi ne, kuma kofin da za ta miƙo cike yake har baki da sukari cokali uku. A nan ya gane cewa ƙanƙantar ba ta kofi ba ce. Tana rage wa kyautar girma ne don kada mai karɓa ya ji nauyi, kamar dai Hajiyar da za ta aiko da kwano shaƙe da tuwo ta ce ga ɗan abin taɓawa. Sunaye ma haka suke yi musu: Aleksandar ya koma Sasha, a bakin uwarsa Sashenka, Mariya ta koma Masha, sai Mashenka. Amma ya ja kunne cewa wuƙar baki biyu gare ta. Gorod gari ne, gorodok ɗan gari mai daɗi, gorodishko kuwa ɗan banzan gari. Ɗalibin da bai iya rarrabe wutsiyar ƙauna da ta raini ba yana iya ɓata wa mutum rai yana zaton yabonsa yake. Baƙo ya ce ai mu ma haka ne, "wani ɗan malami" ba yabo ba ne. Dattijo ya gyaɗa kai.

Ya ƙara da cewa a zamaninsa kwalin ashana kopek ɗaya ne, ɗaya cikin ɗari na rubul, kuma ana ba ka canjinka cif. Ya ce ya haɗu da Rashawa masu jin Hausa, abin da ba zai ba da mamaki ba ga wanda ya san cewa Rediyon Mosko ya yi shekaru yana watsa shiri da Hausa, kuma ƙamusun Hausa da Rashanci ya fito tun 1963 a ƙarƙashin kulawar Dmitri Olderogge, malamin Leningrad.

Kafin magariba suka sake bi ta layin hatsi, suka tarar da mai adashi a rumfar Hajiya. A Ghana susu ake ce wa wannan sana'a, a Zongo kuwa sunanta na gida bai ɓace ba. Mutumin na yawo rumfa-rumfa da jaka a kafaɗa da tarin katuna. Kowane kati na da gidaje 31. Mai rumfa ta miƙa abin da ta ɗaukar wa kanta za ta riƙa zubawa kullum, shi kuma ya sa alama a gida ɗaya a katinta da nasa. Wata ya cika, ya mayar mata da kuɗinta, ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan wahalarsa. Ba riba take samu ba, ita ke biya don a ajiye mata, kuma ta san haka sarai. Abin da take saye shi ne nisa tsakanin kuɗin da hannunta, domin kuɗin da ya kwana a gida ba ya rasa mai buƙata kafin gari ya waye.

Wayar hannu ta shigo wannan harka tun da MTN ta fara hidimar aika kuɗi a 2009, kuma yau ko mai ƙosai na karɓar kuɗi ta waya. Da gwamnati ta sa harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan irin wannan aike a Mayun 2022, ko da yake an yafe sidi 100 na farko a kowace rana, 'yan kasuwa da yawa sun koma tsabar kuɗi, don ribar mai kashi ba ta da faɗin da za a yanki wani abu a ciki. An rage harajin zuwa kashi 1 a farkon 2023, aka soke shi gaba ɗaya a Afrilun 2025.

Baƙo ya tambayi Hajiya me za ta yi da kuɗin adashinta idan wata ya cika. Ta ce yanzu rabin buhu take ɗauka bashi wurin dillali, ta sayar ta biya, kuma farashin bashi daban yake da na kuɗi hannu. Idan adashin wannan wata da na gobe suka haɗu, buhu guda za ta saya da kuɗinta, daga motar da ke saukewa daga Tamale.